Tsohon Madubin Tsaye a Ɗakin Legas: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Madubin da ake magana a kansa shi ne dogon nan mai tsayawa da ƙafafunsa, wanda ba ya neman bango balle ƙusa. Gilashin yana cikin firam na katako, firam ɗin kuma yana rataye tsakanin sanduna biyu na tsaye, sukuru ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, shi ya sa ake iya sunkuyar da shi gaba ko a kishingiɗar da shi baya. Turawa suna ce masa cheval, kalmar Faransanci ce mai nufin doki, saboda ƙafafu huɗun da yake tsaye a kansu. A ƙarshen ƙarni na 18 ya yaɗu a Faransa da Ingila, lokacin da aka ƙware wajen yin gilashi falle ɗaya mai tsawon da zai ɗauke mutum daga kai har ƙafa. A kasuwar Legas da wuya a ji wannan suna, hoto a waya ya fi saurin fahimtar da mai shago.

A ganinmu, ga mai zaman haya a Legas, kaɗan ne cikin kayan ɗaki suka kai shi biyan buƙata. Mai gida ba zai zo ranar tashi yana ƙirga ramukan bango yana zaftare kuɗin ajiya ba. Bulon wasu gidajen hayar kuma yashi ya yi masa yawa, a huda a sa fulogin riƙe sukuru, bayan wata biyu ya zaro kansa da garin bango a jikinsa, to rataya gilashi mai kilo goma a irin wannan bango ganganci ne. Na tsaye kuwa ranar tashi a raba shi gida biyu a ɗauka. Madubi ɗaya ya ishi maigida dogo da uwargida da 'yar makaranta, kowa ya karkata shi daidai idonsa. Sai dai akwai sharaɗi. Abin da ake biya wa kuɗi da gaske shi ne katakon da sukurun gefe, domin gilashi ana yanka sabo a kusan kowace unguwa. Masu saye da yawa sun juya lamarin: su daɗe a gaban madubin suna duba ko yana nuna su da kyau, su biya, ba su taɓa zagayawa bayansa ba.

Iri uku ake cin karo da su. Akwai na gida, aikin tsoffin kafintoci da loko ko maɗaci, waɗanda ke fitowa idan ana kwashe kayan tsoffin gidaje a Yaba, Surulere, Ebute Metta ko Ikoyi. Ba su cika ado ba, amma suna da nauyi, katakon ya saba da iskar garin nan shekara da shekaru, kuma gara ba ta cika kusantar loko ba. Su muka fi ba wa maki. Akwai na gwanjo, tokunbo, masu shigowa cikin kwantena ta Apapa da Tin Can daga Turai da Amurka. Waɗannan sun fi kyau a ido, da sassaƙa a samansu, da makamai na tagulla, wato kawunan sukurun gefe da ake murɗawa da hannu, da gilashin da aka goge gefensa a karkace yana walƙiya. Rauninsu shi ne sun yi rayuwarsu a gidaje masu busasshiyar iska, kuma da yawansu da gam na fatar dabba aka haɗa su, wanda zafi da danshi ke narkarwa. Na ukun su ne sababbin da aka yi wa shigar tsofaffi: katakon gari da aka matse, wanda kafintoci ke kira MDF, an shafe shi da fenti mai duhu, an sa siririn gilashi, an yayyafa masa ɗigo-ɗigo don ya yi kama da tsoho. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba laifi ba ne a saye shi idan an sayar da shi a matsayinsa da farashinsa, abin da ke ɓata rai shi ne a karɓi kuɗin tsohon loko a ba da garin katako.

Bambance su ba ya ɗaukar minti biyar idan an zo da tocila. A zagaya baya a duba da me aka kama allon bayan. Ƙananan ƙarafan nan masu kama da na maƙale takarda, aikin bindigar kamfani ne na kwanan nan. Sukuru mai kan gicciye a shekarun 1930 ya fito, don haka idan mai shago ya rantse madubin ya haura shekara ɗari amma duk sukurunsa masu gicciye ne, ko dai an taɓa gyara shi ko maganar ba haka take ba. Tsoho na gaske kan sukurunsa tsaga ɗaya ne. Sannan a sa wani ya riƙe, a ɗaga ƙafa ɗaya a leƙa tafinta, inda fenti ba ya kaiwa. Katako na gaske zai nuna jijiyoyinsa, MDF kuwa sumul yake kamar kwali, kuma idan ya taɓa shan ruwan goge ɗaki za a ga ya kumbura ya buɗe kamar burodi. A danna farce a wurin da ba a gani: idan ya shige cikin sauƙi, obeche ne ko wani katako mai laushi da aka rina. Ɗigon tsufa na gaske daga gefe da ƙasa yake farawa yana cin ciki, na ƙarya kuwa a warwatse yake ko'ina daidai wa daida. Wanda ya ga madubi a shafin saye da sayarwa na Jiji ko a Instagram ya nemi hoton baya da na tafin ƙafa da na sukurun gefe kafin ya shiga mota, in kuma ya je ya sake dubawa da kansa.

Sukurun gefe shi ne ran wannan madubi, kuma nan ne mafi yawansu suke da ciwo. Gwajin mai sauƙi ne. A kama saman firam a sunkuyar da shi kamar tsawon tafin hannu, a saki. Ya kamata ya tsaya cak inda aka bar shi. Idan ya ci gaba da zubowa a hankali, a ƙara ɗaure makaman da hannu, kwata ɗin zagaye kawai, a sake gwadawa. In makamin yana ta juyawa ba ya kamawa, haƙoransa sun cinye, ko na ramin da yake shiga. A kwance guda ɗaya gaba ɗaya, wani yana tallafe da firam ɗin, a haska ramin. A madubi mai kyau za a ga faranti ko bututun tagulla mai haƙora da aka dasa a jikin firam, sukurun yana shiga ƙarfe. A na araha katako tsurarsa yake shiga, kuma duk juyi ɗaya yana ƙara faɗaɗa ramin. Gyaran wannan ba wuya: kafinta ya faɗaɗa ramin da kyau, ya cusa turken katako mai ƙarfi da gam, ya bari ya kwana, ya sake hudawa ya dasa noti na ƙarfe a ciki. Cusa tsinken ashana da gam mai kamawa nan take, wanda aka fi yi a kasuwa, sati biyu yake yi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙarfin ɗauri ba shi ke riƙe madubin a karkace ba, washa ce, ɗan zoben nan da ke tsakanin firam da sandar tsaye. A tsoffin madubai sau da yawa ta ruɓe ta faɗi, sai mai shi ya yi ta ɗaurewa, har ya kawo filaya. Wannan ɗaurin yana janyo sandunan biyu ciki, ya buɗe mahaɗarsu ta ƙasa, ga shi an nemi gyara abu ɗaya an ɓata biyu. Maganin yana wurin baduku: guntun fata mai kaurin milimita 2 zuwa 3, a yanka shi da'ira mai faɗin santimita 3 zuwa 4, a huda tsakiya, ɗaya kowane gefe. Roba mai tauri ma tana yi, amma fata ta fi bari a karkata madubin ba tare da ƙara ba. Kada mai ko giris ya taɓa wurin, santsi ne ake gudu.

Idan makami ɗaya ya ɓace, abin da ke yawan faruwa domin tagulla tana da kuɗinta a wurin 'yan gwangwan, kada a sayo na kasuwa a tura da ƙarfi. Tsoffin kayan Ingila haƙoransu na awon inci ne, tsarin da Joseph Whitworth ya kafa a 1841, na kasuwar yanzu kuwa na milimita ne, irin su M6 da M8. Suna kama da juna, zagaye biyu na farko ma za su shiga, na uku ne zai cinye tagullar. A ɗauki makamin da ya rage a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, akwai su a wajen kasuwannin Ladipo da Owode Onirin, su yi masa ɗan'uwa. In duka biyun sun tafi, a canza har da notin ciki zuwa M8 a huta. Abu na ƙarshe a nan, a auna tsawon firam a ga inda sukurun ya faɗa. Daidai tsakiya ake so, ko santimita 2 zuwa 3 sama da tsakiya. In ya faɗa ƙasa da tsakiya, ko wani ya ƙara wa saman firam sassaƙa mai nauyi daga baya, kan madubin zai rinjayi gindinsa, kullum yana neman kifewa, kuma babu washar da za ta hana shi.

Ƙafafu ba sa buƙatar dogon bayani. A kama sandunan tsaye biyu a girgiza su dama da hagu. Motsi kaɗan gam ne ya saki, a zare mahaɗar, a wanke tsohon gam da ruwan ɗumi, a bari ya bushe sosai, a sa farin gam na kafintoci, a matse na awa 24. Ƙusa a nan tsaga katakon take yi. Ga madubi mai tsawon santimita 160 zuwa 170, tazarar ƙafar gaba da ta baya kada ta gaza santimita 45. Masu ƙananan tayoyi an yi su ne don ɗaki mai kafet, a kan tayil gudu suke yi, sai an sa musu kofunan roba ko a cire tayoyin a adana. Kayan tokunbo kuma a bar su sati biyu ko uku a ɗakin kafin a taɓa gam, katakon ya gama shan iskar Legas ya kumbura iyakar kumburinsa, in ba haka ba a gyara yau ya motsa gobe.

Ƙwaron katako shi ne abin da zai sa mu ce a bar madubi ko da ya yi kyau. Ramuka ne ƙanana, milimita 1 zuwa 2, kamar an soka allura. A shimfiɗa baƙar leda a ƙasa a ƙwanƙwasa katakon da bayan sukudireba. In gari mai haske kamar fulawa ya zubo, ƙwaron yana ciki da ransa, kuma zai iya ƙaura zuwa gado da wadirob. Ramuka masu duhu marasa gari tsohon ciwo ne da ya warke. Idan ramukan kaɗan ne a allon baya kawai, a cire allon a yar, a sa sabo. In a firam ne, ana ɗura maganin ƙwaron katako rami-rami da sirinji, a naɗe da leda na 'yan kwanaki a waje, nesa da yara. Baƙin Solignum da ake shafa wa katakon rufi yana rina kuma warinsa yana daɗewa, wurinsa rufi ne. In kuwa ramukan sun taru a ƙafa ko kewayen sukurun gefe, inda nauyi yake, a haƙura.

Sai gilashin. A ja baya kamar mita uku, a sami wani miƙaƙƙen layi a cikin hoton, layin tayil ko gefen ƙofa, a yi ta matsawa dama da hagu a hankali. Layin ya zauna a miƙe. In yana lanƙwashewa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, gilashin yana da tudu da kwari, ko kuma siriri ne ya lanƙwashe a cikin firam. Wannan shi ne ciwon gilashin milimita 3 idan ya yi tsawo: yau ya ƙara wa mutum ƙiba, gobe an ɗan matsa shi ya rame. Don sanin kauri, a ɗora bakin biro a kan gilashin a dubi tazarar da ke tsakaninsa da hotonsa, tana ɗan fin kaurin gilashin kaɗan. A riƙe farar takarda a gabansa kuma. Kowane gilashi na yau da kullum yana ɗan ja zuwa kore saboda ƙarfen da ke cikinsa, amma in takardar ta koma ruwan toka sosai, ba za a iya haɗa kalar mayafi da atamfa a gabansa a fita da kwanciyar hankali ba. A kuma miƙar da madubin tsaye sak kafin a yanke hukunci. Idan an kishingiɗar da samansa baya kaɗan, yana ƙara wa mutum tsawo ya rage masa jiki, kuma haka ake ajiye shi a shaguna da yawa.

Baƙin nan da ke cin gefen madubi daga baya yake zuwa. Abin da ke nuna hoto wani siririn rufi ne na azurfa, wanda bai kai kaurin gashi ba, an rufe shi da fenti. Hanyar shafa azurfar a 1835 masanin sinadarai Bajamushe Justus von Liebig ya fito da ita. A bakin gilashi, inda aka yanka, azurfar a buɗe take, kuma maƙiyanta su ne danshi da gishiri da amoniya da duk abu mai tsami. Legas ta haɗa biyun farko. A damina danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, musamman wajen Yuni, gidajen Lekki da Ajah da Victoria Island kuma iskar teku tana kawo musu gishiri har ɗaki. Ga kuma abin da ke faruwa kusan kullum: AC ya sanyaya gilashin, a ɗauke wuta, a buɗe taga. Iska mai ɗumi ta taɓa gilashi mai sanyi, ya yi gumi, gumin ya gangara ya kwanta a kwarmin firam na ƙasa inda ba mai gogewa. Shi ya sa baƙin ya fi yawa a gefen ƙasa. Wanda ya riga ya ci ba ya gyaruwa. Idan bai wuce faɗin yatsa ba, ra'ayinmu a bar shi, yana daga cikin kyan tsohon madubi, a dai hana shi ci gaba. In ya hau har wajen gwiwa, a canza gilashi.

Kafin hanyar azurfa ta kankama, da kuza da zaiba ake rufe bayan madubi, kuma an ci gaba da yin haka har cikin ƙarni na 19. Ba kasafai irin wannan ke zuwa kasuwar Legas ba, amma alamarsa hoto mai duhu-duhu da ya ja zuwa shuɗi, da wani ƙyalli kamar an barbaɗa sukari a cikin gilashin, wani lokaci har da ƙananan ƙwallaye masu sheƙi a kwarmin ƙasa. Zaiba guba ce. Ba a buɗe bayansa a gida, ba a kankare shi, ba a kifa shi, ba a kai shi ɗakin kwanan yara.

Canza gilashi aikin yini ɗaya ne, amma ana ɓata shi a wurare uku. Na farko awo. Tsohon firam da wuya kusurwoyinsa su zama daidai, don haka a auna faɗin kwarmin a sama da tsakiya da ƙasa, tsawo ma a gefe biyu, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage milimita 3. Mai siffar ƙwai kuwa a kai firam ɗin kansa, ko a zana shi a kwali. Na biyu kauri. Mita ɗaya murabba'i na gilashi kilo 2.5 ne a kowace milimita, saboda haka gilashin santimita 150 da 45 yana da kusan kilo 6.8 a milimita 4, kilo 8.4 a milimita 5, ya ɗan haura kilo 10 a milimita 6. Milimita 5 muka fi so, ba ya lanƙwashewa kuma bai cika wa sukuru nauyi ba, amma a fara duba zurfin kwarmin, dole ya ɗauki gilashi da allon baya. Na uku kamawa. A sa mai gilashi ya goge bakin, a shafa wa bakin banish a bari ya bushe don toshe hanyar danshi, a shafa wa cikin kwarmin baƙin fenti don kada ɗanyen katako ya riƙa leƙowa a gefen hoton. A kama gilashin da ƙananan guntayen katako ta baya, kowane santimita 25 zuwa 30, sannan a rufe da filawud na milimita 4 zuwa 6 da aka shafe gaba da baya. Silikon mai warin tsami, wanda aka fi samu a shago, yana cin azurfa, cikin 'yan watanni za a ga sawunsa ta gaba. In dole sai an sa, a nemi marar wari wanda aka rubuta na madubi ne. Gidan da ke da yara a manna wa bayan gilashin ledar kariya, ko ya fashe ba zai tarwatse ba. In tsohon gilashin mai gefe a karkace ne, a adana shi, ba kowane mai yanka ke iya wannan aikin ba.

Maganar girma tana da ƙa'ida guda wadda ba ta canzawa: madubi yana nuna ninki biyu na girmansa, ko an matso ko an ja baya. Mai tsawon santimita 170 gilashin santimita 85 ya ishe shi in an ɗora shi daidai, don haka tsawo ba ya zama matsala. Faɗi ne matsalarmu. An yi waɗannan madubai ne don kayan Turawa masu bin jiki, da yawansu faɗin gilashin santimita 35 ne zuwa 40. Babbar riga da aka naɗe a kafaɗa tana iya kai santimita 90, tana neman gilashin santimita 45 zuwa 50, kuma ja da baya ba zai ƙara komai ba. Haka lafaya da abaya mai faɗi. Mai siffar ƙwai ya fi kowanne kyau a kusurwar ɗaki, amma yana yanke gefen ɗauri a sama da bakin zani a ƙasa. Wadda take kafa gwaggwaro ta nemi mai kusurwa huɗu.

Wajen ajiyewa, haske a kan mutum ake so ya sauka, don haka taga ta kasance a gefen madubin ko a bayansa. In tagar tana bayan mai dubawa, inuwarsa kawai zai gani. Idan kuwa manufar haskaka falo mai duhu ce, irin na gidajen da maƙwabci ya toshe musu rana, a ajiye shi a bangon da ke gefen tagar a ɗan karkata shi, zai jefa hasken cikin ɗaki, ɗakin ya ƙara faɗi a ido. Karkatawa kaɗan ta isa, domin duk digiri ɗaya da aka motsa shi, hoton digiri biyu yake motsawa. Amma kafin a bar shi a wurin, a yi abin da ya fi duk wannan muhimmanci a gidajen Legas masu manne da juna: a je a tsaya bakin ƙofa, a zauna a kujerar baƙi, a leƙa daga baranda, a ga me madubin yake nunawa. Duk wanda ka hango ta madubi, shi ma yana hango ka. Sau da yawa labule ya rufe gado, madubi ya buɗe shi ga mai zaune a falo ko mai tagar bene na gaba. Alƙibla a Legas gabas ce maso arewa, a guji ajiye shi gaban inda ake shimfiɗa sallaya, motsin hoto yana ɗauke hankali. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango, ya nisanci bangon banɗaki da bangon da ruwan sama ke duka, da bakin AC, da ranar yamma mai shigowa kai tsaye. A ƙasan bene inda ruwa ke shigowa, a ɗora ƙafafun a kan roba mai kauri. Ba ya son cunkoso kuma, ƙaramar darduma a gabansa da kujera ɗaya a gefe sun wadatar. Rataya mayafai da jakunkuna a kan sandunansa yana ɓoye katakon da aka saya dominsa, yana kuma karkatar da nauyi gefe guda.

Turare yana buƙatar a faɗe shi daban, domin a gaban madubi ake fesa shi. Yawancin tsoffin madubai da shelak, wani irin banish, aka shafe su, kuma sifirit ɗin da ke cikin turaren fesawa yana narkar da shelak, ya bar ɗigo fari-fari a firam. Ana gane shelak da auduga da ɗigon sifirit a wurin da ba a gani, in ya yi danƙo shi ne. A juya baya a fesa, ko a matsa mita ɗaya. Kaskon turaren wuta kada ya zauna a ƙarƙashinsa, zafi a wuri ɗaya yana iya tsaga gilashi, hayaƙin kuma yana barin maiƙo da ƙura ke mannewa a kai. Wajen gogewa, tsumma ake jiƙawa, ba a fesa wa gilashin komai, don kada ruwa ya gangara kwarmi. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke ya isa, maiƙon turare da hayaƙin janareta kuma sifirit da ruwa rabi da rabi, a kiyaye firam, a bi da busasshen tsumma har gefe. Katakon kakin zuma yake so, sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Ɗaukowa daga kasuwa shi ne inda ake yawan asara. A kwance sukurun biyu a raba firam da ƙafa, a sa makaman da washa a aljihu. A naɗe firam ɗin da bargo da kwali, a tsayar da shi a kan dogon gefensa bisa guntun katifa, a ɗaure shi a jikin motar. Gilashin da aka kwantar tsakiyarsa ba ta da mataimaki, rami ɗaya a hanyar Agege ko mahaɗar gadar Third Mainland ya isa ya raba shi biyu. Salatif da ake mannawa a gicciye ba ya hana fashewa, tarwatsewa kawai yake ragewa. A auna ƙofa da kwanar matakala tun kafin a fita. In an kafa shi a gida mai yara masu rarrafe ko masu kama abu su miƙe, a sa shi a lungu tsakanin wadirob da bango, a ɗaure sandar ƙasa da ɗamara a jikin wani abu mai nauyi, a kuma ɗaure makaman yadda ƙaramin hannu ba zai iya lilo da shi ba, domin tsakanin firam da sanda yana datse yatsa.

Masu sayensa don kayan ɗakin amaryar da za a kai Kano ko Sakkwato su san cewa katakon da ya sha danshin Legas zai tsuke idan hunturu ya kama. Kusurwoyin firam sukan ɗan buɗe, allon baya in na katako ɗaya ne da aka kafe da ƙusa yakan tsage, makaman gefe kuma su saki. A canza allon zuwa filawud tun a nan, a shafe katakon da kaki gaba da baya kafin tafiya, a haɗa da washa biyu na fata a cikin kayan, sannan a gaya wa amarya ta sake ɗaure makaman da hannu bayan sati uku ko huɗu da isarsa.